Ranar da Burodi Ya Ƙone a Gudu

Da na gama jami'a, Kawu ya ba ni ɗan teburi a gidan burodinsa da ke unguwar Gudu, ya ce in tsara masa harkar ma'aikata. Kafin zuwana, in ransa ya ɓaci sai ya ce "tafi", mutum ya tafi. Ƙa'idar farko da na roƙe shi ita ce kada a sallami kowa sai an ji ta bakinsa. Ya amince yana dariya.

Ba a daɗe ba mai kula da tanda ya bar burodi a wuta ya fice, bai gaya wa kowa ba. Magidanci ne ɗan Gbagyi, daga Mpape yake zuwa, inda ake fasa duwatsu da nakiya. Gashin safiyar duka ya zama gawayi.

Washegari muka zauna da shi, ni da Kawu, ofis yana ta ƙauri. Na ja masa kujera, ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"To 'yar boko, ga shi nan," in ji Kawu. "Kai, me ya fitar da kai?"

"Oga, ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri na tambaye ka ba!"

"Ka yi haƙuri, Oga."

Kawu ya dube ni. "Kin ji ta bakinsa ai. Shi ke nan?"

Na lura da hannun mutumin a kan gwiwarsa, yatsunsa duk sun ƙuje. Yana da magana, amma a tarbiyyarsa ba a mayar wa babba magana, ko da aiki zai tafi. Kawu har ya miƙe.

"Kawu, don Allah minti ɗaya. Ka ɗan kalli taga." Na juya kujerata. "Baba, ba da Oga kake magana ba, da ni kake. Ni 'yarka ce. Ina ka je?"

Ina jin injin kwaɓa fulawa yana juyi a bayan bango.

"Sun fasa dutse," ya ce a hankali. "Matata ya kira ni. Bangon ɗaki ya zubo, yarinya yana ciki."

"Ta fita?"

"Na tone shi. Ƙafa ne kawai."

Kawu bai juyo ba.

"Tambaye shi," ya ce wa tagar, "me ya hana shi kashe wuta?"

"Ban tuna wuta ba, Anti."

Sai Kawu ya juyo, ya ce gargaɗi ne na farko, kuma daga yau kada a sake barin mutum ɗaya a kan tanda. Ya zaro makullin mota, ya dubi mutumin.

"Tashi mana. Wane asibiti aka kai ta?"