Hagun Malam Cindo

Da safiyar Talata, 14 ga Yuli, 2009, Susanna ta bugo mini waya daga asibiti ta ce maigidanta ya cika. Malam Cindo Mark, mai zane, ɗan Bomo, abokin koyarwata a sashen zane a Samaru tun muna da baƙin gashi, ya riga mu gidan gaskiya. Daga Ubangiji muka fito, wurinsa za mu koma.

Cindo, yau zan faɗi abin da na sha faɗa maka kana dariya. Zanenka na farko kyau gare shi, amma babu kai a ciki. Da buroshi da fenti ka zana manyan jami'a, kowa da tumbinsa da rigarsa ta digiri, har mutum ya ji kamar ya gaishe su. Turawan da suka koyar da mu da sun gani da sun tafa maka. Ni kuwa nakan tambaye ka ina ka ɓoye Bamagujen da uwarsa ke sassaƙa ƙwarya, ka ce mini hassada ce ke damuna.

A daminar 2002 ɓarin jikinka na dama ya shanye. Na ga ranar da ka gwada riƙe buroshi da hagu, fenti ya zubo maka a wando, ka juyar da fuska bango. Abin da ya fi ciwon cin ranka shi ne hagun kanta. Mu da aka tarbiyyantar da mu ba a ci da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita, ga shi ita kaɗai ta rage maka. Kowa ka gaisar sai ka ba shi haƙuri. 'Yan'uwa suka fara maganar mayar da kai ƙauye, kai kuma ka ce mai zane ya mutu, saura a binne malamin. Na ji tsoro ƙwarai, don na san kana nufin abin da ka faɗa.

Tsohon abokinka Ejiofor, mai buga katin biki da sassaƙa hatimi a Sabon Gari, shi ne ya kawo maka guntun katako mai laushi da 'yar wuƙar sassaƙa. Ya ce wannan aikin da kafaɗa ake tura shi, ba ya neman yatsu masu wayo. Ya kafa maka katakon a tebur da ƙusoshi. Ka yi makonni kana ƙwaƙular hoton wata mata mai sussuka, kana tsaki, kana cewa duk layukan sun karkata ta inda ba ka saba ba, aikin bahago ne.

Ina shagon Ejiofor ranar da aka buga hoton. Aka shafa wa katakon baƙar tawada, aka kifa takarda, Ejiofor ya murje ta da bayan cokali. Dukanmu mun san bugu yana juya hoto, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, mun ma koya wa ɗalibai. Amma da aka ɗaga takardar sai ga layukan nan sun kwanta daidai yadda hannunka na da yake kwantar da su. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, “Kefas, takarda ta dawo mini da hannuna.”

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin bayanina. Ka watsar da launuka, ka tsaya a baƙi da fari. Kowace shekara layukanka suna raguwa, mutanen ciki suna ƙara rai. Manoman Bomo, masu dakon tashar jirgi, matan kasuwa da tirensu, duk suka fito da zane irin na bayan ƙwarya. Na ga wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsaya gaban hoton mai sussukar nan ta ce ai har ƙaiƙayin take ji. Kuma katako ɗaya yana haifar hoto da yawa, sai ka yi ta rabawa, har a shagon aski na ga aikinka.

Ranar Lahadin ƙarshe na je duba ka. Magana ta riga ta yi maka nauyi. Da zan tafi ka miƙo mini hagu, tawada na nan a ƙarƙashin faratanka, ba ka kuma ba ni haƙuri ba. Na karɓe ta da hannu biyu.

Ubangiji ya ji ƙanka, Cindo, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurinsa. Ya ta'azantar da Susanna da 'ya'yanku, da dangi na Bomo, da Ejiofor, da ɗalibanka duk inda suke. Mu da muka rage, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Kefas, Samaru