Rufin da Ya Kawo wa Glenys Ɗan Haya

Duk wanda ya tashi a benenmu na ƙaramar hukuma a kudancin Landan ya ci dankalin Anti Glenys, don ita ce mai girki a firamarenmu. Ga faɗa ga kyauta, tana zaginka tana ƙara maka cokali.

Da ta yi ritaya sai ta tattara abin da ta tara, ta sayi sashen da ta tsufa tana haya a hawan ƙasa. Washegari ta yi abin da duk mai saye ke yi a unguwarmu: ta shafe ƙofarta da fenti ruwan ɗorawa, don kowa ya san wannan kam ba ta hukuma ba ce.

Ba a rufa shekara ba hukuma ta tashi sabunta rufin benen. Mu 'yan haya ko a jikinmu. Ita kuwa mai gida ce yanzu, aka yanka mata kasonta, kuɗin da ya fi fanshonta na shekara.

"Ni da nake ƙasa?" ta ce da ni. "Yarinya, rufin nan ko ganinsa ban taɓa yi ba."

Na ji tsoro ƙwarai, don in ta kasa biya, sayar da gidan za ta yi. Aka yarda ta biya kaɗan-kaɗan, amma ko hakan ya fi ƙarfinta. Dole ta sa ɗan haya a ɗakin da take ajiye keken ɗinki, ita da ko kyanwa ba ta yarda ta kwana mata a gida.

Errol ne ya zo, tsohon direban bas ɗan Jamaika, da akwati ɗaya da tukunyarsa. Kullum muna jiyo su ta taga.

"Dattijo, barkonon nan naka zai kashe ni."

"Baiwar Allah, kin shekara talatin kina ba yara abinci lami. Zauna ki koya."

Ta zauna kuwa, har ta fara ƙiba.

Ranar da ta gama biyan rufin ta tara mu, aka sha shayi, aka ci kek. Tana ta dariya kamar wadda aka yi wa bushara da jika. Can sai ga Errol ya fito riƙe da akwati.

"Ina zuwa kuma?"

"Ai rufi ya biyu. Kin ce da an gama in ba ki ɗakinki."

Glenys ta ajiye kofi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba ka ji an ce baɗi tagogi za su canja ba? Mai da akwatin nan."

Na san ba a yi maganar tagogi ba, shi ma ya sani. Ya mai da akwatin, ya dawo ya ɗora shinkafa.