Ƙararrawar Hawa na Uku

Aikina duba kayan kashe gobara ne a manyan gine-ginen kasuwanci, kuma tsakani da Allah, aiki ne da ba ya jawo wa mutum farin jini. Kana shiga da tsani a kafaɗa za ka ga fuskoki sun canja, kamar ka zo yanke musu wuta.

Akwai wata filaza mai hawa uku kusa da Babbar Kasuwa da kamfaninmu ke kula da ita. A ƙasa masu katifa ne da labule, a tsakiya teloli, a sama kuwa mata ne masu turaren wuta da humra da kayan lefe. Matakala ɗaya ce tal, tagogi kuma duk an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Shagon yayata yana can ƙarshen layin sama. Ita ta riƙe ni a Unguwar Kanawa tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ta sa ni makaranta. Yanzu jiki ya yi nauyi, gwiwa ta ƙi. In ta hau benen nan da safe sai ta tsaya ta huta a kowane hawa, ba ta kuma sake saukowa sai an tashi kasuwa.

Mu biyu muke zuwa, ni da abokin aikina, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da bai cika magana ba. Mu duba allurar kowace tukunyar kashe gobara ko tana kan kore, mu girgiza ta kada garin ciki ya dunƙule, mu ja mesar ruwa mu ga ƙarfinta. Daga nan sai na'urar jin hayaƙi, wani farin abu kamar murfin kwano da ke manne a silin ɗin kowane shago. Ita ce in ta ji hayaƙi take tayar da ƙararrawar ginin gaba ɗaya.

Zuwana na farko hawa na uku, na ɗaga kai sai na ga baƙar leda. An lulluɓe na'urar, an ɗaure da roba tamau. Shago na gaba ma haka. Wata ma safar jariri ta sa mata. Har shagon yayata, leda ce.

Na ce, "Haba Yaya! Wa ya yi wannan aikin?"

Ta ce, "Ni na sa aka yi. Wace mace ce za ta sayi turare ba ta ji ƙamshinsa ba? Da na zuba a garwashi sai abin nan ya hau ihu kamar an yi mutuwa. Kai auta, sauko ka ci abinci."

Ban ci ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na bi shago shago ina fizge leda, matan suna bin bayana da tsiya, wai ga angon ƙararrawa ya zo. Na sauka wurin manajan ginin na zazzage masa duk abin da ke cikina. Mutumin kirki ne, ya kuma ji maganata. Ya tara masu haya ya ce duk wadda aka sake kamawa da leda a silin, ta nemi wani shagon.

Na koma gida ina jin na yi abin kai. Ashe ban san abin da na jawo ba.

Leda ta tafi, amma kasko bai tafi ba. Ƙararrawa ta shiga kaɗawa kullum, safe da rana da yamma. Da farko, aka ce mini, teloli kan fito a guje da almakashi a hannu. Bayan ɗan lokaci sai masu bakin ƙofa kawai ke leƙowa. Abokin aikina ne ya fara lura. Muna tattara kaya wata rana ya ce, "Ɗan'uwa, ginin nan ba ya ba ni barci. A da ba ta kaɗawa, yanzu kuma tana kaɗawa ba a jinta." Shi kuwa ba ya irin wannan maganar a banza.

Muka roƙi manaja ya bar mu mu yi gwaji ba tare da an sanar da kowa ba. Ana gab da Sallah ne, gini cike da mata masu sayayya, har da masu goyo. Abokina ya shiga ya danna jan akwatin da ke bango, ni kuma na tsaya a fili ina kallon bakin matakala. Ƙararrawa ta ɗauka, ƙara mai shiga haƙori.

Wallahi babu wanda ya fito. Wani mai katifa ya leƙo, ya dubi sama, ya koma cinikinsa. Kekunan ɗinki ba su ko tsaya ba. Sai ga maigadi ya zo yana tambayata cikin ladabi ko ya je ya kashe, wai shi ke kashewa kullum, ya san wurin.

Na ce kada ya taɓa, na hau da gudu. Ƙarƙashin matakala an jibge katifu har sun taɓo silin. A sama kuwa layin ya yi shuɗi da hayaƙin turare, mai daɗi, mai kauri. Na tsaya ina shaƙa, na tambayi kaina: in wayar lantarki ce ke ci da wuta a cikin silin yanzu, ni da aikina ke nan, zan bambance? Ba zan iya ba.

Na tarar da yayata a zaune, ta miƙe ƙafa, ta cire takalmi, akwatunan lefe sun tare rabin ƙofa. Tana ɗaga murya don wata amarya ta ji farashi. Da ta gan ni sai ta yi dariya.

"Ai na faɗa musu, auta ne ya zo da wasansa."

Na ce, "Yaya, don girman Allah, ranar da ba ni ba ne fa?"

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi silin, ta dubi ƙarfen taga. Ba tsokana a fuskarta ko kaɗan, tambaya take yi da gaske.

"To ta yaya zan gane?"

Muna cikin haka ƙarar ta yanke, maigadi ya gaji da jira ya kashe. Daga wannan shago zuwa wancan na ji mata suna cewa alhamdu lillahi, an huta.