Burushin da Yaya Sahabi Yake Kira Auta

Ranar Talatar da ta wuce aka cika shekara biyar da rasuwar yayana, Sahabi Wanzami na Gummi. Ban tara kowa ba. Na yi masa addu'a bayan asuba, na ba da sadakar ƙosai, sannan na zauna na buɗe zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aski. Abin da ke cikinta ne ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai wata cuta da na shekara huɗu da rabi ina yi wa mahaifinmu da kayan nan, ni kuwa a zatona biyayya nake yi.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Baba wanzami, kakanmu wanzami. Ni kaɗai na zame na bi boko, na zama malamin firamare, har Baba yakan ce hannuna alli kawai ya iya riƙewa, shi ma sai ya karye. Yaya Sahabi ne ya gaji aska. Ran kasuwar Bukkuyum yana can, ran ta Anka yana can, a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi.

A Anka ya fara ganin burushin aski, a hannun wani mutumin Ilori da ya zo haƙar zinariya. A gidanmu ruwa da tafin hannu kawai aka sani: a jiƙa kai, a murza, a sa aska. Yaya ya dawo yana ta zuzuta yadda kumfar sabulu take tausasa gashi. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa mutum fenti kamar bango ba. Yaya bai yi musu ba. Ya nemo gashin gezar doki, ya jiƙa, ya ƙulle da zare mai kakin zuma, ya dasa a ƙahon akuya. Guda uku ya yi, kuma a kaurin ƙullin gashin bambancinsu yake. Babban ya kai kaurin yatsu uku, na tsakiya yatsu biyu. Ƙaramin bai wuce kaurin ɗan yatsa guda ba, da gezar duƙushi ya yi shi, shi ne yake kira Auta.

Na taɓa tsokanarsa, na ce wannan ai burga ce, mutum ɗaya da burushi uku sai ka ce mai shagon takalmi. Ya yi dariya, ya ce in zauna ya nuna mini yadda yake duban fuskar mutum kafin ya zaɓa. Ya fara bayani ke nan wayata ta yi ƙara. Na ce masa ina zuwa. Ban dawo ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba.

Shekara biyu kafin rasuwar Yaya, Baba ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Magana ta ɗauke gaba ɗaya, bakin ya karkace, idon hagu ba ya rufuwa sosai. Tun daga nan kowace Juma'a da hantsi Yaya yakan fito da shi gindin darbejiyar tsakar gida, ya aske masa kai, ya gyara masa fuska, ya sa masa farar riga, ko da yake masallacin ba zuwa zai yi ba. Ni a lokacin ina makaranta wurin koyarwa, sai dai in dawo in tarar da Baba fes yana ƙamshin turare. Ko sau ɗaya ban tsaya na ga yadda ake yi ba.

Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke Yaya. Bayan sadakar bakwai na kawo wa Baba wani wanzami daga kasuwa. Baba ya kawar da kai, ya yi ta wani gurnani yana ture hannun mutumin da hannunsa mai lafiya. Na gane. Wanzami ɗan wanzami, a ce bare ne zai taɓa masa kai alhali yana da ɗa a raye? Haka na sallami mutumin, na ɗauko zabira. Askar ban iya wasa ta ba, sai na sayi reza. Da na zo kan burushi, wallahi ko tunani ban yi ba. A gidanmu tsoka mafi girma ta Baba ce, tabarma mafi faɗi ta Baba ce. Ta yaya za a yi in ɗauki ɗan mitsitsin abu in shafa wa mahaifina? Na ɗauki babban.

Ina shafa kumfar, hawaye suka fara zubo masa ta idon hagu. Sai nawa ma suka zubo. Na ce, Allah sarki, Baba ya ga kayan Sahabi ya tuna da shi. Juma'ar gaba ma haka, ta gabanta ma haka. Yakan ɗaga hannun dama ya riƙe mini wuyan hannu, ni kuwa in ce masa ya yi haƙuri, duk can za mu. Har labari nake ba mutane a majalisa, cewa Baba bai taɓa tsallake Juma'a bai yi kukan ɗansa ba. Su jinjina kai, ni ma in ji wani irin daɗi a raina. Kaico da ni.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Shagunan aski sun cika Gummi, inji na ta kuka a kan samari, kowa da rezarsa sabuwa don gudun ciwo. Na san batun rezar nan zai yaba. Amma kasuwannin da ya saba ci, yanzu sai mutum ya tambayi lafiyar hanya kafin ya hau mota, kuma tsofaffin ƙauyen da yake bi gida-gida yana aske wa, da yawa sun watse. Shi da ba ya iya zama wuri ɗaya, ban san yadda zai yi da wannan ba.

Rashin lafiyar hanyar nan ne ya hana Luba, matar Yaya, zuwa. Tun da ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Anka, sai gaisuwa ta waya. Sai bayan ƙaramar sallar bana ta samu ta zo, ta kuwa kwana har Juma'a. Kunyar suruki ba ta bar ta ta matso ba, daga ƙofar ɗaki ta tsaya tana kallona ina aikina. Da na mayar da Baba ɗaki, ta kira ni gefe.

"Malam Bello, da wanga kaka yi mishi kullum? Ina Auta?"

Na ce Auta yana cikin zabira, ai ya yi wa Baba ƙanƙanta.

"Yayanka bai taɓa kai wanga fuskar Baba ba," in ji ta. "Na askin kai ne, shi ma na masu lafiya. Ya ce kumfa tana shiga idon da ba ya rufuwa, tana shiga gefen bakin, Baba kuwa ba shi iya tofarwa."

Na zauna a kan turmi. Ashe sabulu nake ɗura wa tsoho a ido kowace Juma'a. Ashe riƙon hannun nan roƙona yake in daina, ni kuwa ina yi masa wa'azin haƙuri.

Na zazzage zabira na ciro Auta daga ƙasa. Asu, ƙwaron nan mai cin gashi, ya riga ni. Ina taɓa shi gashin ya zube mini a tafin hannu, sai ƙaho da zare. Na zaga kasuwar Gummi, duk burushin da na gani manya ne na roba, na kakkaɓe gashi a wuya. Na sa aka samo mini gezar duƙushi na gwada ƙullawa da kaina har sau huɗu, da na tsoma a ruwa sai ya warware. Na tambayi tsofaffin wanzamai biyu, suka ce su ba su taɓa aiki da burushi ba, wannan fasahar Sahabi ce shi kaɗai.

Na shiga wurin Baba na durƙusa na roƙi gafara. Ya dube ni. Ko ya ji, ko ya yafe, ban sani ba, ba kuma zan sani ba.

Mutane suna cewa Yaya ya bar suna mai kyau, gaskiya ne, har yau akan tare ni a kasuwa a yi masa addu'a. Amma abin da na fi bukata a wurinsa, sanin fuskar Baba, ya tafi da shi, kuma ya so ya ba ni, ni na tashi na bi waya. Abin da ya rage a hannuna burushi biyu ne da ba zan ƙara kai su kusa da Baba ba, da ƙahon akuya guda.

Yanzu na koma yadda Baba yake yi tun farko. Ruwan ɗumi, babu sabulu, in jiƙa yatsana in bi kuncinsa a hankali, in kewaye idon da gefen bakin. Juma'ar farko da na yi haka, na zuba wa idon hagun nan ido har na gama, ya tsaya a bushe. Na ce alhamdu lillahi. Ina goge masa wuya sai na ga ɗigo a kan farar rigar. Na ɗaga kai. Idon dama ne, mai lafiyar, yake zubarwa.

Ko sauƙi ya ji, ko hannuna ne har yanzu yake da nauyi, ko kuwa sai yanzu ya samu ya yi kukan Sahabi, babu mai faɗa mini. Wanda zai duba sau ɗaya ya gane yana maƙabartar bayan gari, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Jibi Juma'a. Zan ɗora ruwa a wuta, in fito da Baba gindin darbejiya.