Naman Tsakiyar Tire

Shekarar da autata ta shiga aji biyu ne likita ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, ya leƙa, sannan ya dube ni irin kallon da ake yi wa uwar da ke cinye abincin 'yarta. Cikin idon fari fat. Ya ce ƙarancin jini ne, ya rubuta magani, ya kuma jero min abin da ya kamata ta riƙa ci: nama, hanta, wake, ganye, ƙwai. Na ce to, kamar yau na fara jin sunayensu. Yarinyar dama ba mai jiki ba ce, amma a watannin nan har jakar makaranta ta fara rinjayar ta, in ta dawo sai ta zube a tabarma da takalminta a ƙafa. Tsoro ya kama ni sosai.

Matsalar ita ce babban cin abincinta ba a hannuna yake ba. Ina aiki a wani ofis a cikin gari, in na fita da safe sai yamma. Makarantarsu kuma, wata ta kuɗi a nan unguwarmu ta Diguel, boko da safe Larabci da rana, ba a tashi sai bayan la'asar. Da safe shayi da burodi ne, shi ma da lallashi. Da yamma barci ke kwashe ta kafin a sauke tuwo. Saura abincin rana na makaranta, wanda a takardar shiga aka rubuta shi da Faransanci mai daɗin karantawa, a tukunya kuwa shinkafa ce da wani jan ruwa da ya taɓa jin labarin tumatir.

Ashe ba ni kaɗai ke ƙorafi ba. Iyaye suka taru, aka yi abin da muka fi iyawa, wato aka kafa kwamiti. Da yake na yi magana da ƙarfi a taron farko, sai hukuncin ya faɗa kaina, aka sa ni a ciki. Shugabanmu wani Alhaji ne ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin nan da Nijar, mutumin kirki, wanda bai taɓa shiga madafi ba sai dai in ruwan sama ya kora shi. Duk Asabar muke zama a ofishin daraktan makarantar. Alhaji ya sa a kawo gasasshen nama da shayi, mu zauna muna tsotsar ƙashi muna jimamin yadda yara ba sa samun nama.

An yi muhawara kam. Masu kifi suka ce gari a bakin kogi, abin kunya ne a ce yara ba su san kifi ba. Masu nama suka ce ƙaya za ta maƙale wa wani, a kai mu kotu. Wata mata mai lambu a Toukra ta yi jawabi a kan zogale har na fara zaton yana ta da matacce. Darakta ya samo wani babban hoto na rukunan abinci ya manna a bango, da tuffa da wani cuku mai ramuka, abubuwan da yaranmu za su ci in Allah ya kai su Turai. Amma a ƙarshe, in faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Aka ƙara wa iyaye kuɗi kaɗan, aka tsara mako: ranar wake, ranar kifi, ranar nama da miyar zogale, ranar darraba, wato miyar kuɓewa da gyaɗa irin ta nan. Har dafaffen ƙwai ya samu shiga.

Kullum da azahar, kafin a kira yara, darakta zai ɗauki hoton babban tiren abinci ya tura wa iyaye a waya. Farar shinkafa an baza ta har baki, miya an malala a tsakiya, nama a samanta yana sheƙi. Mu kuma daga ofisoshi da shaguna sai “Ma sha Allah” ke ta zuba. Ni har ajiye hotunan nake yi. Da yamma in tambayi yarinya, “Kin ci abinci?” Ta ce, “Na ci, Mama.” “Da daɗi?” “Da daɗi.” Sai in ji kaina ya yi girma, ni 'yar kwamiti.

A gida kuwa akwai wata hukumar da ta fi kwamiti ƙarfi, wato mahaifiyata, Inna. Bayan rasuwar babanmu ta baro tsohon gidanmu na unguwar Ridina ta dawo wurina, ta taho da buta, da tasbaha, da dokokin cin abinci na kakanninta. Su ne suka fito daga ƙasar Hausa za su Makka suka yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. A wurin Inna, yaro yana ci ne daga gabansa. Ba ya kai hannu tsakiyar tire, ba ya kallon nama, balle ya taɓa. Babba ne ke tsinka shi ya tura wa kowa nasa gabansa, ya jawo masa miya da yatsu. Haka ta raine mu, kuma a cikin jikokinta babu wanda ya haddace karatun kamar autata. Baƙi in sun zo har yabon ta suke, ni kuma in yi murmushin mai kaya.

Zangon karatu ya ƙare, muka koma wurin likita. Ya sake jan fatar idon, ya ɗora ta a ma'auni. Ya ce maganin ya ɗan taimaka amma ba yadda ya so ba, me take ci? Nan na zaro waya da ƙarfin gwiwa na fara nuna masa hotuna, wannan na Litinin, wannan na Laraba, duba wannan kifin. Ya duba su da haƙuri ya miƙo min wayar.

“Madam, wannan tiren lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. “Amma ba shi kika kawo min ba.”

Na fito raina a ɓace, kuma kafin in kai titi na riga na kama ɓarawo a zuciyata. Masu girki ne, wa kuma? A ɗauki hoto, darakta ya juya baya, su kwashe naman a leda. Washegari na ce wa shugabana a ofis ina da ciwon kai, na hau kalando, babur ɗin haya, na sauka bayan makarantar ana dab da kiran yara. Na raɓe jikin wata bishiyar dogonyaro inda nake hango rumfar cin abinci, ina shirya jawabin da zan yi a gaban kwamiti.

Bayin Allah masu girki ba su taɓa ko tsoka ba. Suka jera tirurruka a kan tabarmi kamar yadda suke a hoto, suka koma wurin tukwanensu. Malamai kuma suka wuce nasu ɗakin, tunda su ma cikinsu ba na roba ba ne. Aka buga ƙararrawa.

Ban taɓa ganin nama ya ɓace da sauri haka ba. Kafin masu gajeren hannu su zauna, masu dogon hannu sun gama da tsakiyar tire, wasu da tsoka a baki da wata a tafi. Ban ga laifinsu ba, yunwa suke ji kuma babu wanda ya hana su. Sai na hango tawa. Ta wanke hannu a natse, ta zauna ta naɗe ƙafa, na ga laɓɓanta suna bisimilla. Ta fara ɗibar farar shinkafar da ke gabanta, gaya, ko ɗigon miya babu. Duk lokacin da wani babba ya gitta ta bakin rumfar sai ta ɗaga kai ta bi shi da ido, in ya wuce ta koma kan shinkafarta. Da na ƙara dubawa, kusan kowane tire akwai irinta, ɗaya ko biyu, 'ya'yan gidajen da ake yabo. Duk zaman da muka yi, da kifin da zogalen da ƙwan, a tsakiyar tire muka zuba su, inda aka hana waɗannan yaran kai hannu tun suna rarrafe. Na tsaya jikin bishiyar nan na yi kuka, da takalmin ofis da jaka a kafaɗa.

Da yamma na zaunar da ita. Na ce, “Me ya hana ki ɗaukar nama a makaranta?”

Ta dube ni da mamaki, kamar ni ce yarinyar. “Ai ba a ba ni ba, Mama.”

Na kai maganar kwamiti. Darakta ya ce mafita ita ce kowane yaro da kwanonsa, kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Nan take aka rabu gida biyu, masu roba da masu silba, aka ta da batun wa zai wanke, wa zai biya in sun ɓace, daga ƙarshe aka kafa ƙaramin kwamiti na kwanuka. Alhaji ya ce shi a ganinsa a koya wa yaran zafin nama, duniyar yanzu ba ta mai jira ba ce. Wannan shawarar ce na ɗauko na kawo gida, saboda ita ce ba ta buƙatar wani zaman.

Ranar Juma'a na dafa shinkafa, na tara nama a tsakiya, na ajiye a gabanta. Na ce, “Ɗauki.” Ta dubi kakarta. Na ce, “Ni kike kallo ko Inna? Kai hannu ki ɗauka!” Hannun ya tashi ya tsaya a iska, sai hawaye.

“Wai me kike koya mata?” in ji Inna. “So kike ki mayar min da jika 'yar wawaso?”

“Gara wawaso da asibiti, Inna,” na ce. “Tarbiyyar nan taki ita ta shanye mata jini.”

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta ajiye tasbaha, ta sa na kwashe mata labarin rumfar daga farko, ta saurara ba ta katse ni ba.

“Yanzu kina nufin sufura suke direwa su tafi?” Sufura take kiran tire, irin na Larabawan gari. “Ba babba ko ɗaya a kanta? Ku duk da karatunku da taronku na Asabar, ba wanda ya ce a zauna da yaran? Ko kaji in aka watsa musu tsaba ai ana tsayawa a kore manya.”

Ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma har yau ba ta faɗa ba. Ranar Litinin dai da hantsi ta yafa lafaya, ta ɗauki sandarta, ta sa maƙwabcinmu ya kai ta makarantar. Darakta ya tare ta da Faransanci, ta amsa masa da Larabci cewa ta zo cin abinci da jikarta ne, ko akwai dokar da ta hana? Mutumin da ya iya korar malami da takarda guda ya rasa yadda zai yi da tsohuwa mai sanda. Ta zauna a kan tiren su autata. Yaro na farko da ya kai hannu tsakiya, kallo ɗaya ta yi masa ya janye. Ta tsinka nama, ta tura wa kowa gabansa, daga ƙarami zuwa babba.

Tire ɗaya ba ya gyara rumfa, don haka ta bi gidajen unguwa ta tattaro tsofaffi 'yan'uwanta waɗanda suka gaji da gadin gida da jiran la'asar. Suka raba tirurruka a tsakaninsu, kowace da nata. Ba a daɗe ba darakta ya raɗa wa abin wani dogon suna da Faransanci, ya ce shiri ne na kwamiti, har aka tafa mana. Ƙaramin kwamitin kwanuka, a iya sanina, yana nan yana nazari.

A hankali yarinya ta fara cire takalmi kafin ta kwanta, daga baya ta daina kwanciyar ma. Da muka koma, likita ya ja fatar idon, ciki ya yi ja, ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Na karɓi yabon ban yi musu ba.

Da damina ta kama, gwiwar Inna ta kumbura, ga titunan Diguel sun zama taɓo, likita ya hana ta fita. Babu wadda za ta riƙe mata tirenta. Tsoron nan na farko ya dawo min sabo. Na sake yin ciwon kai a ofis, na sake raɓewa jikin dogonyaro.

Aka buga ƙararrawa, yaran tiren Inna suka zauna. Babu wanda ya kai hannu, suna ta kallon wurin zamanta da babu kowa. Can sai na ga autata ta gyara zama, ta naɗe hannun riga yadda kakarta ke yi, ta miƙa hannu tsakiyar tire. Ta tsinka, ta tura wa ƙaramin cikinsu, ta tura wa na kusa da shi, ta zagaye kowa. Saura tsoka ɗaya a tsakiya, tata. Ta janye hannu ta ɗora a cinya. Ta dubi ƙofar rumfa, ta dubi wajen masu girki, ba wanda ke zuwa. Ni kuma ina bayan bishiya na cije mayafi kada in ƙwala mata kira.

Sai ta sake miƙa hannu, ta turo tsokar da yatsu a hankali har gabanta, ta jawo miya ta zuba a kai, ta janye hannun kamar wani ne ya ba ta. Sannan ta yi bisimilla ta ɗauka ta ci.