Kaduna ko Legas, Kafin Jirgin Litinin

A shekarar da na gama sakandare, ba na jin akwai gidan da ya damu da wasan hoki a duk Kafanchan sai namu. Ƙwallon ƙafa mutane suka sani. In ka ce hoki sai a tambaye ka, "Wannan da ake bin ƙwallo da sanda kamar ana kashe maciji?" Mu kuwa yayana ne mai tsaron raga a ƙungiyar wata ma'aikata a Kaduna. A takarda akawu ne, amma don hokin aka ɗauke shi. Rabin rana yake yi a ofis, sauran a fili.

Da daminar shekarar aka shiga gasar da in an ci ku sau ɗaya kun koma gida ke nan. A Legas za a yi wasan ƙarshe. Yaya ya rubuto cewa wani mutum daga wani kamfani na Legas ya zo ya kalle shi sau biyu, ya ce masa in ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe, kada ya yi shirin dawowa, aiki da ɗaki suna jiransa. In ba su kai ba, magana ta mutu.

Ni kuma ina riƙe da takardar neman makarantar koyon aikin jinya. Takardar ta ce a zaɓi gari ɗaya, Kaduna ko Legas, a rubuta da tawada, ba gogewa. Baba ya riga ya yanke magana. "'Ya mace ba ta zama ita kaɗai a babban gari. Inda yayanki yake, can za ki."

Ban iya gardama ba. Abin da na iya shi ne jan layi da rula. Na samu sabon littafin rubutu na raba shafinsa gida biyu, ina tara abin da na ji daga bakin ma'aikatan jirgi da matan coci waɗanda suka taɓa tafiya. Kaduna: ana jin Hausa ko'ina, akwai majami'ar da ake waƙa da yarenmu, in ka hau jirgi da safe ka isa kafin rana ta faɗi, akwai laburare mai fanka. Legas: sai ka kwana a jirgi, mota tana tsayawa a kan gada har direba ya kashe inji, ruwan sama yana shiga ɗaki, in ka yi magana a hankali ba mai jin ka. Na ƙara shafi na Jos ma, ko da yake ba ya cikin takardar, don kawai ina son yadda ake ba da labarin sanyinsa.

Wannan layin na ƙarshe a kan Legas na ja masa layi biyu a ƙasa. Ni ce yarinyar da malami kan ce wa "ɗaga murya" sau uku kafin ya haƙura.

Don haka kowace safiya, in Baba ya ɗaga murya yana roƙon Ubangiji ya ƙarfafa hannun ɗansa a gaban raga, nakan ce amin tare da kowa, a cikina kuwa ina so a ci su. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko a littafin ban rubuta ba.

Samun labarin wasan ma aiki ne. Jarida sai washegari take zuwa a jirgi, in ta ambaci hoki, layi uku ne a ƙasan labarin ƙwallon ƙafa. Rediyo bai san da su ba. Amma Baba ma'aikacin tasha ne, shi ke canza wa jirage layi, kuma a tashar akwai wayar da ke haɗa su da sauran tashoshi. Doka ta ce zancen jirgi kawai za a yi a kanta. Sai dai in an gama karanta lambobin taragu, na wancan gefen yakan saƙa 'yar magana da sauri: matar wane ta haihu, kakan wane ya rasu a Zonkwa. Ta nan sakamakon Yaya yake iso mana. Mai riƙe wayar wani dattijo ne ɗan kudu, ya daɗe a garinmu, shi ya sa mini suna Malama saboda littafin da ba na rabuwa da shi.

"Malama, rubuta! Yayanki ya kama ƙwallo kamar kaza. Biyu da babu!"

Na rubuta. Zagaye na biyu ma suka ci. Saura wasa ɗaya su kai Legas, ranar Asabar, da wata ƙungiyar sojoji. Takardata kuwa dole ta bi jakar wasiƙu a jirgin Litinin na ƙarfe sha ɗaya, in ba haka ba ta makara. Na lissafa na ga ba damuwa: Asabar da yamma zan san garin da zan rubuta.

Asabar na kai wa Baba abinci na zauna a benci ƙofar ɗakin waya. Wayar ta yi ƙara sau huɗu, duk zancen jirgin kaya. A na biyar dattijon ya daɗe yana saurare bai yi dariya ba.

"Ɗaya da ɗaya," in ji shi.

"To sai su ƙara lokaci mana," in ji wani abokin aikin Baba.

"Sun ƙara. Ruwa ya sauko, ba a ganin ƙwallo. Za su sake daga farko."

"Gobe?"

"Gobe Lahadi, Oga. Litinin, ƙarfe huɗu."

Ba wanda ya lura da abin da wannan yake nufi sai ni. Sai da muka kama hanyar gida na ce, "Baba, jirgin wasiƙu sha ɗaya yake tashi." Ya tsaya cak a kan katakon layin dogo.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi gardamar a tsakar gida. Mama tana tsince wake, ta ce a rubuta Kaduna, ko banza in yarinya ta yi zazzaɓi za a iya kai mata kunu.

"Sati uku muna addu'a ya ci," in ji Baba, "yanzu mu rubuta Kaduna? Wato mu gaya wa Ubangiji wasa muke yi da shi?"

"Ubangiji ne zai tsaya a ragar, ko ɗanka? Ka manta ranar da ƙwallo ta fasa masa leɓe?"

"Ke dai ba ki da bangaskiya."

"Ina da ita. 'Ya ɗaya gare ni, shi ya sa."

Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaya ma ban san ko murya za ta fito ba. Baba ya rufe zancen: Legas.

Litinin ya fita aiki da sassafe. Na goge tebur, na cika alƙalami da tawada, na gwada shi a wata tsohuwar takarda. Na rubuta Legas sau goma a kanta don hannuna ya saba. Sannan na jawo takardar makarantar, na sa bakin alƙalami a cikin ɗan akwatin da aka tanada, na rubuta Kaduna. Na busar da tawadar, na liƙe ambulan, na kai gidan waya.

Na biya ta tasha. Baba yana tsaye wurin ƙarfen canza layi da tutarsa a hammata.

"Kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

Shi da hannunsa ya buɗe wa jirgin hanya. Na tsaya har taragon ƙarshe ya sha kwana.

Ƙarfe biyar da rabi ina kan bencin nan da littafina. Dattijon ya leƙo ta taga da wayar a kunne.

"Malama, rubuta! Ɗaya da babu! Legas!"

Ma'aikata suka yi ta dukan kafaɗar Baba. Ya juyo yana dariya har ina ganin wushiryarsa. "Kin ga amfanin bangaskiya? Je ki gaya wa uwarki."

Na ce, "Kaduna na rubuta."

Bai ji ba. "Me? Ɗaga murya."

Na ɗaga. Duk wanda ke wurin ya ji.

Bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗakin waya ya tambaya ko za a iya tsayar da jakar a Kaduna. Dattijon ya girgiza kai. "Jakar gidan waya ce, ba tamu ba. Ta sauka tun ɗazu." Baba ya ɗauki tutarsa ya koma bakin aiki. Kwana huɗu bai yi mini magana ba. A addu'ar safe yakan ambaci sunan kowa, in ya zo kaina sai ya ce "da yarinyar nan."

An ci su Yaya a wasan ƙarshe, amma kamfanin ya riƙe shi. Wasiƙarsa ta zo da ɗan makulli a naɗe cikin takarda. Ya ce ɗakinsa na Kaduna yana nan, matar da ke ɗakin kusa 'yar Godogodo ce kusa da garinmu, tana cikin zumuntar mata ta coci, za ta sa mini ido. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: "Malama, da kin gaya mini tsoro kike ji. Ni ma ina ji."

Baba ya karanta sau biyu, ya miƙa mini makullin. Da makarantar ta kira ni, shi ya raka ni, ya gaisa da matar, ya gwada sakatar ƙofa, ya koma a jirgin yamma.

Duk abin da na rubuta a kan Kaduna na same shi daidai. Ana jin Hausa, laburaren yana da fanka. A jikin ƙusa bayan ƙofa akwai tsofaffin kariyar ƙafa na Yaya, auduga ta fara leƙowa ta wurin ɗinki. Shekara uku na yi a ɗakin ban sauke su ba.