Wadud Mai Injin Niƙa da Waƙar Hawa da Sauka

A zangon Bawku aka haifi Wadud Seidu, a can ya koyi tuƙi, kuma da motar masu haƙa bohol ba ta rasa direba ba, da yau ba shi da wani labari. Masu motar Indiyawa ne, 'yan kudancin ƙasarsu. Babbansu wani dattijo ne siriri, Murugesan, wanda ma'aikata suka mayar Baaba Muru. Kullum kafin a tayar da inji sai ya zauna a inuwar mota, ya tanƙwashe ƙafa, yana dukan cinya yana waƙa.

"Baaba, wannan a wane fim take?" in ji Wadud wata rana.

Dattijon ya dube shi kamar ya taka masa abinci. Daga nan karatu ya fara, da guntun Turanci da nunin hannu, daga Binduri har Chereponi.

Ga abin da Wadud ya kwaso. Sautuka bakwai ne kamar matakala: sa, ri, ga, ma, pa, da, ni. Kowace waƙa tana da hanyar da take bi a kansu, sunan hanyar raga, kuma raga tana da doka. Wadda aka koya masa, in za ka hau sai ka tsallake sautin ma da sautin ni, in za ka sauko dole ka taka kowanne. Wadud ya ce ai wannan motar Kulungugu ce: da safe ta wuce ƙauyuka a guje, da yamma ta tsaya a kowace bishiya. Waƙar da ake horar da mai koyo da ita kuwa varnam ce, iri biyu. Wadda ake kira tana varnam mai gudu ce, kalmominta kaɗan, don gyaran maƙogwaro. Pada varnam a hankali take tafiya, cike da begen masoyi, ita masu rawa ke bi.

Baaba Muru ya koma gida. Matar Wadud, Zuweira, ta rasu. Shi kuma ya sauka a Salaga ya kafa injin niƙa, inda ya gano cewa gurnanin injin ya yi daidai da sautin sa da yake fara waƙa da shi. Tun daga nan mata suka san in Wadud ya rufe ido, masararsu za ta yi laushi fiye da yadda suka nema.

Cikin matan akwai Memuna mai doya, bazawara, wadda ba fim ɗin Indiya da ya shigo gari bai bi ta ɗakinta ba. Wadud ya so ta. Maimakon ya tura manya wurin yayanta Alhaji Saaka a Yendi, sai ya faɗa mata kai tsaye, fuskarsa duk gari.

"Kai, ko kunya?" ta ce. "To, an ce ka iya waƙar Indiya. 'Yar Alhaji, Rukaya, za ta yi aure. Ka zo ka yi a gaban dangina, in ji da kunnena, sannan in ba ka amsa."

Ya zaɓi pada varnam, tunda maganar bege ce.

Ranar biki, bayan la'asar, tsakar gidan Alhaji Saaka ta cika. 'Yan mata sun ɗaura gyale a ƙugu suna jiran kiɗan fim. Wadud ya ƙi kujera. Ya ja tabarma kusa da janareta, don ba ya iya kama sautin sa sai da gurnani, ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido. Ya fara riƙe lokaci yadda aka koya masa: ya daki cinya, ya lissafa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya juya tafin hannu sama.

Tsofaffin da ke gindin mangwaro suka ga mutum zaune a tabarma, ido rufe, yana lissafa yatsu yana buɗe tafi.

"Amin," in ji wani tsoho, Baaba Inusah.

Wadud ya sake juya tafi.

"Amin!" Wannan karon har da mata. 'Yan mata suka kwance gyale suka rufe kai. Duk inda tafin ya kalli sama, amin na jiransa, kuma abin mamaki, bai taɓa kuskure lokaci ba. Wadud ya ji, amma tun can Baaba Muru ya hana shi barin waƙa a tsakiya. Ya hau da biyar, ya sauko da bakwai, har ƙarshe. Da ya yi shiru, jama'a suka shafa.

"Malam, wannan daga wane littafi?" in ji Alhaji Saaka.

"Alhaji, ba addu'a ba ce. Waƙa ce. Wata ce ke kukan masoyinta bai zo ba."

Baaba Inusah ya dubi hannayensa.

"To, Allah ya kawo shi," ya ce. "Amin ɗina ba zai tafi a banza ba."

Dariya ta ɓarke har amarya ta leƙo ta taga. Wadud dai bai yi ba, Memuna yake nema. Ya same ta a bayan gida wurin tukwane, tana share hawayen dariya.

"Ko rawa ɗaya ba a yi ba," ta ce. "Amma na lura da abu guda. In ka hau kana tsallake, in ka sauko ba ka tsallakewa."

"Dokar ke nan."

"To, ka hau wurina da tsallake. Yanzu sauko. Alhaji na nan, gwaggona na Bimbilla, kawuna na Salaga. Ka taka kowanne."

Ya taka su duka, har da wata kaka da Memuna ta tuno daga baya. An ɗaura aure bayan girbin doya. Yau in ka bi ta wurin injin da hantsi za ka ji shi yana hawa da sauka, matan layi kuwa in ya juya tafi, sai su amsa da amin, su ce ya duba masararsu.